Haƙorin Azurfar da Baba Ya Ƙera wa Kansa

Abin da na fara gani da na shiga maƙera ranar nan shi ne madubin Inna, ɗan madubin nan mai bakin roba kore da take sa kwalli da shi. An jingina shi da uwar maƙera. Na ajiye kwanon furar da aka aiko ni da shi, na tsaya a bakin ƙofa. Baba yana durƙushe gaban madubin, ya janye leɓensa na ƙasa da hannun hagu, a hannun dama kuma yana riƙe da ƙaramar masabar da yake daidaita zobe da ita.

Sunana Balki, ina kwalej a nan Matamaye. Mahaifina maƙerin fari ne, azurfa da tagulla yake aiki da su: zobba, awarwaro, 'yan kunne. Ba ni da yawan magana, ko a aji sai mushe, malaminmu, ya kira sunana ya sake kira kafin a ji muryata. Na rubuta wannan ne saboda mutane da yawa sun ga haƙorin nan a bakin Baba sun yaba, har wasu sun ce a yi musu irinsa, amma ba su ga abin da ya biyo baya ba.

Bara ne a kasuwar Kurni wani mutum ya zo da awarwaro ya ce Baba ya gauraya masa azurfa. Magana ta yi zafi. Mutumin ya ɗaga sandarsa mai ƙarfe a kai ya kwaɗa wa Baba a baki, haƙoransa biyu na gaba na ƙasa suka zube a kan tabarmar kayansa. Ƙanensa, Baffa Sani, shi ya kawo shi gida da riga dunƙule a baki, rigar ta jiƙe har tana ɗiga. Da ciwon ya warke sai yayana Lawali, wanda yake tuƙin mota a Yamai, ya kai shi wurin wani likitan haƙori a can. Aka huda ƙashin muƙamuƙinsa aka dasa ƙusa biyu irin na murɗawa, aka rufe kowacce da ɗan murfi kamar kan ashana. Likitan ya ce ya koma gida sai bayan kaka, lokacin ƙashi ya kama ƙarfen, sannan a ɗora haƙora a kai. Kafin nan kada ya taɓa, kada ya ciji abu mai tauri.

Baba ya dawo da sunan ƙarfen a bakinsa, titan, kuma bai ga girmansa ba.

"Toka-toka ne, ba nauyi, ba ƙyalli," in ji shi. "Haƙorin da za su ɗora kuma wai tangaran ne. Ni ɗan maƙera, jikan maƙera, in riƙa yawo da faranti a baki."

A gidanmu an yarda ƙarfe ba ya cutar da mu. Ana ba da labarin kakanmu yana lasar jan ƙarfe a wasan salla. Baba yakan ce ƙarfe ya san jininmu. Ga giɓin kuma ya dame shi, abokan wasansa suna tambayarsa ko sai an tauna masa goro.

Daga baya na haɗa abin da ya yi. Ya goge allura da magagari har ta iya kwance murfin ƙusa ɗaya. Ya sassaƙa haƙori da kakin zuma, ya lulluɓe shi da laka, ya narke tsohuwar munduwar kakarmu ya ɗan ƙara tagulla don ta yi tauri, ya zuba. Gindin haƙorin kuwa wayar ƙafar keke ce, ɓangaren nan mai zare, ya rage mata kauri. Aikin ya yi kyau, gaskiya. Har 'yan tudun nan na bakin haƙori ya fitar. Sai dai zaren wayar bai dace da na ƙusar ba, ta ɗan shiga ta cije. Shi ya sa ya ɗauko masaba.

"Zo ki riƙe mini madubin nan," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

Na riƙe. Ya ɗora guntun katako a kan haƙorin ya buga. Na ji ƙarar a cikin nawa haƙoran. Ya sake bugawa da ƙarfi, jini ya ɓullo ta gefen dasashi ya gangaro haɓarsa. Idanunsa suka kawo ruwa amma bai yi ko nishi ba. Bugun ƙarshe sai da kansa ya koma baya. Ya tofar da jini a cikin kaskon ruwan da yake sanyaya ƙarfe, ya dubi madubin ya yi murmushi.

"Kin ga wani abu?"

"A'a, Baba."

"To, mayar wa innarki madubinta."

Makon farko gidan ya cika da masu kallo. Baffa Sani ya ce ko 'yan Makka ba su sa irin wannan ba. Inna ta ce likita fa ya ce kada a taɓa, Baba ya ce ai ɗorawa kawai ya yi. Ta ɗauka liƙawa ya yi kamar yadda ake liƙa dutse a zobe. Ni kaɗai na san an buga.

A mako na biyu na lura yana yawan tofar da yawu, yana cewa ruwan randa ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Dasashin da ke kewaye da haƙorin ya yi wani baƙin zobe. Idan ya yi magana kusa da ni ina jin wari, irin na tsumman wanke-wanke da ya kwana a jiƙe. Na so in gaya wa Inna, na je har bakin madafa na dawo.

Ran kasuwa aka kawo rake daga Dungu. Na kai masa abinci na tarar da abokansa zaune, ɗaya yana cewa haƙorin na ado ne, ba zai iya rake ba. Baba ya zaɓi mai kauri ya sa a gaba ya fizga. Wani abu ya yi ƙas. Ya saki raken ya dafe haɓa, ya daɗe a sunkuye, jini yana bin tsakanin yatsunsa. Abokan suka yi ta sannu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Haƙorin ya faɗi kusa da ƙafata, na taka shi, da suka tafi na ɗauka. Wayar da ke gindinsa ta gajarce. Bakin karayar ja ne, tsatsa ta ci shi. Sauran wayar ke nan yana cikin bakin Baba. Na ƙulle haƙorin a gefen kallabina.

Ya ce wa mutane ya cire ne zai goge. Kafin mako ya zagayo dasashin ya kumbura ya rufe wurin, ba a ganin komai sai tsoka ja.

Sai masu shawara suka fara zuwa. Wannan ya ce kanumfari, wancan ya ce jar kanwa da tafarnuwa. Baffa ya sayo ƙwayoyi ja da rawaya a wurin mai yawo da magani a faranti. Wata gwaggonmu ta zo da ruwan batir a kwalbar turare ta ce a ɗiga, wai yana kashe tsutsar haƙori. Inna ta karɓa ta yi godiya, tana fita ta zubar a bayan ɗaki. Ɗigon da ya taɓa zanenta ya huda shi.

Inna ta kai masa kunu ta ce, "Malam, mu je likita. Ko ka bari in kira yaron nan na Yamai."

Bai amsa ba. Ta sake faɗa. Ya ɗauki kwanon ya jefe ta da shi. Bakin kwanon ya tsaga mata gira, kunu mai zafi ya zubo mata a wuya. Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga mata hannu ba sai ranar. Ta goge fuskarta da gefen zane, ta tsince kwanon, ta koma ta damo wani.

A mako na uku kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa. Na taɓa lokacin da nake goge masa zufa, tauri kamar katako, zafi kamar tukunya. Harshensa ya taso sama, yawu yana zuba ba ya iya haɗiyewa. Ba ya iya kwanciya, sai dai ya jingina da bango. Baffa Sani ya ce ai ƙurji ne ya nuna, sakiya kawai yake so. Da hantsi ya hura wutar maƙerar da kansa ya sa tsinken ƙarfe har ya yi ja. Ya kira maƙwabta biyu suka danne Baba, ɗaya a kafaɗu, ɗaya a ƙafafu. An kore ni amma na leƙa ta ramin zana.

Da ƙarfen ya shiga na ji cuuu, hayaƙi ya tashi, warin ƙonannen nama ya cika tsakar gida. Baba ya yi wani gurnani da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ya harbi wanda ya riƙe ƙafafunsa, mutumin ya faɗa kan gawayi ya tashi yana kakkaɓe wuta daga wandonsa. Baffa ya matsa wurin da manyan yatsunsa biyu, ya matsa, ya ƙara matsawa. Ba mugunyar da ta fito, sai baƙin jini kaɗan. Ya ce bai kai ba ne, ya mayar da tsinken cikin wuta.

Inna ta fito da mayafinta a ka ta ɗauki kaskon ruwa ta juye a kan wutar.

"Ke, mene ne haka? Ɗan'uwana ne fa," in ji Baffa.

"Ɗan'uwanka ne, Sani, amma ni ce zan yi takaba. Matsa."

Ita da kanta ta je tasha. A asibitin garinmu aka yi masa allura aka ɗaura masa ruwa, aka ce wannan sai Damagaram, yanzu-yanzu. Direban da ya ɗauke mu ya sauke fasinjojinsa ya ba su haƙuri, Allah ya saka masa. Duk hanya Baba yana zaune ya miƙa wuya gaba, ni ina tallafe da kansa, numfashinsa yana fita da ƙara kamar zugazugin da ya huje.

A asibitin Damagaram mun tarar da layi har waje, masu karaya, masu naƙuda, yara a goye. Mu ba mu san ƙofar da ake bi ba. Wata mata 'yar Yauri da ke jinyar ɗanta ta dubi wuyan Baba sau ɗaya, ta tashi ta shiga gabanmu tana ture mutane tana cewa, "Ku ba da hanya, wannan ba na layi ba ne." Har yau ban san sunanta ba, Maman Habu kawai ake ce mata. Ita ta ara mana tabarma da buta a kwanakin farko.

Likitar mace ce, ba ta kai Inna shekaru ba. Ta haska bakinsa da fitila, ta taɓa ƙunar da ke ƙarƙashin haɓarsa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi yadda abin ya fara.

Baffa, da ya biyo mu, ya ce, "Wani ƙarfe aka sa masa a Yamai, shi ne ya ruɓe a ciki."

"Titan ba ya ruɓewa, Alhaji. Bayan an sa, me aka yi wa wurin?"

"Ba a yi komai ba."

Ta juya ga Inna. Inna ta buɗe baki, sai ta ga idanun Baba a kanta, ta sunkuyar da kai. Maƙeri ba zai so a ce a gaban mutane aikin hannunsa ne ya kwantar da shi ba, kowa a ɗakin daga gidanmu ya san haka. Likitar ta ce tana bukatar sanin abin da za ta tarar kafin ta yanka, hoto kuma zai ɗauki lokacin da shi ba shi da shi.

Na kwance gefen kallabina, ƙullin ya ƙi, sai da na sa haƙori. Na miƙa mata haƙorin azurfar. Muryata ba ta fita ba da farko, ta sunkuyo ta ce, "Faɗi, ƙanwata, ina ji." Na ce wayar keke ce, na ce da masaba aka buga, na ce rabinta ya karye a ciki ranar rake.

Ban ga tahowar hannun Baffa ba. Marin ya same ni ta baya a kan kunne, na bugi ƙarfen gado na faɗi. Komai ya yi shiru sai wani dogon kuka a cikin kaina. Na ga bakin likitar yana motsi, na ga majo biyu, ma'aikatan jinya, sun fitar da Baffa ta wuyan riga. Da na ɗago, Baba yana kallona. Bai iya magana ba, amma na gane kallon. Daga nan aka tura shi ciki.

Sun tsaga ƙarƙashin haɓarsa suka fitar da mugunyar da Baffa ya nema bai samu ba, ashe tana can ciki nesa. Sun ciro ƙusar da guntun wayar a cikinta. Ta biyun, wadda bai taɓa ba, ita ma ta tafi, da haƙora biyu na kusa, da wani yanki na ƙashin da ya mutu. Ya fito da robobi a wuya suna tsiyaya cikin auduga. Kwanakin farko sai da aka ɗaure hannuwansa a gado, don da ya farka sai ya kai hannu zai fizge su, har ya taɓa naushin wani majo a ƙirji. Majon bai yi fushi ba, ya ce, "Maƙeri ne ko? Na ji a hannun."

Hannun Inna rawa yake yi idan ta ga ciwon, don haka ni aka koya wa. Wata majo mai haƙuri ta nuna mini yadda zan ba shi kunu da sirinji ta gefen baki, da yadda zan wanke ɗinkin ciki da ruwan gishiri mai ɗumi. Ina yi, shi kuma ya juyar da idanunsa bango. Magani kullum da sabuwar takarda, wani a samu a nan, wani sai an shiga gari a rana. Akuyoyin Inna duk sun tafi, azurfar da ke cikin akwatin Baba ta bi su. 'Yan'uwan da suka cika mana gida da shawara, kaɗan ne suka tako Damagaram. Yaya Lawali da aka gaya masa a waya sai ya ce, "Saura fa wata ɗaya da wani abu ya koma." Sai ya kashe.

Ranar da za a sallame mu likitar ta kira ni ta nuna mini abin da ta ciro a cikin ɗan faranti. Ƙusar titan ɗin tana nan fes, toka-toka kamar yadda Baba ya raina ta. Wayar da ke cikinta ta zama baƙa tana marmashewa. Ta ce abin da ya sa ake zaɓen titan shi ne ƙashin mutum yana yarda da shi, yana tsirowa ya rungume shi, amma a hankali, kuma idan aka girgiza shi kafin ya kama to ya saki ke nan. Ta ce haƙorin da ake ɗorawa, ko na zirkon ko na tangaran, da tasa ƙusar yake zuwa, an auna ta daidai da ramin, kuma akwai iyakar ƙarfin da ake murɗa ta da shi. Ta juya haƙorin azurfar a tafin hannunta ta ce hannun da ya yi wannan gwani ne, sai dai baki ba yatsa ba ne, kullum a jiƙe yake, kuma ƙofa ce zuwa jini. Yanzu ƙashin da ya rage ba zai riƙe wata ƙusa ba. Idan ya warke sai dai haƙorin roba, rezin ta kira shi, wanda ake cirewa a wanke.

Wanda duk aka dasa wa irin wannan ƙarfe, ya yi wa Allah ya jira. Kada ya kwance, kada ya gwada shi da rake ko ƙashi, kada ya bari wani ya ɗora masa komai komin kyansa. Kumburi kuma idan ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, ba na sakiya ba ne, a nemi mota.

Mun dawo gida. Baffa ya zo da kaza, ya tsaya a zaure ya ce, "Kunnen ya daina?" Na ce ya daina. Bai daina ba, har yanzu idan aji ya yi shiru ina jin kukan. Baba yana magana da kowa, a hankali, kalmomin suna fita a dagule. Ya ba Inna haƙuri a kan girarta, na ji su ta bayan labule. Ni ce dai bai ce wa ko sannu ba tun daga ɗakin likitar. Idan yana son ruwa ina tsaye a gabansa, sai ya ce wa Inna a ba shi ruwa.

Likitar ta ce a riƙa duba ɗinkin kullum har mu koma, idan aka ga rawaya ko aka ji wari a taho ba jira. Tun da muka dawo ya ce shi zai riƙa wankewa da kansa, bai bar kowa ya leƙa ba. Inna ta ce in ƙyale shi, zuciya ce, za ta sauka. Na ƙyale. Amma shekaranjiya na ga yana karkata wuya kafin ya haɗiye kunu. Jiya da nake wanki na ware tsumman da yake goge baki da shi, na ga ɗan tabo rawaya a tsakiya, bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Yau ban tafi makaranta ba. Na dafa ruwa na sa gishiri na bari ya huce, na ɗauki auduga da fitilar hannu na nufi maƙera. Yana zaune ya ba ƙofa baya, yana goge wani zoben tagulla. Na yi sallama, magagarin bai tsaya ba. Na zagaya ta gabansa na durƙusa, na ajiye kofin a tsakaninmu.

Na ce, "Baba, ba sai ka yi mini magana ba. Ka buɗe bakin kawai in duba."